Musayar Waƙa: Yariman Kormantin a Gonar Rake

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Littafin wannan mako shi ne Oroonoko na Aphra Behn, wanda aka buga a Landan a 1688. Ga waɗanda ba su kai ƙarshe ba: yarima ne na Kormantin, a gaɓar tekun Ghana ta yau. Kakansa sarki ya ƙwace masa masoyiyarsa Imoinda, daga baya ya sayar da ita. Shi kuma wani kyaftin ɗin jirgin Ingilishi ya kira shi liyafa, ya bugar da shi da giya, ya sa masa sasari. A gonakin rake na Suriname suka sake haɗuwa, dukansu bayi, inda daga baya ya jagoranci tawayen bayi. Amsa-amonmu na yau "ba" ne. Bismillah.

Da sunan Allah na shimfiɗa tabarma,
Kowa ya zauna, ban ware ba.
Baturiya ta zana mana yarima,
Baƙi wuluk, ba ta rage ba,
Ta ce fatarsa sai ɗaukar ido,
Ba dusu-dusu irin ta dangi ba.
Sai ta liƙa masa hancin Rumawa,
Leɓensa ma ba mai kauri ba.
Bafaranshe ne ya karantar da shi,
Ba a bar shi da harshen uwa ba.
Wanda aka yaba da hancin aro,
Shi aka yaba? Ni ban gane ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam, ka sosa min inda ke ƙaiƙayi,
Kormantin ai ba tatsuniya ba.
Na hau tudun nan, na dafa bangon sansanin Turawa,
Gishirin teku bai cinye shi ba.
Ingilishi ne suka ɗora ginin,
'Yan Holan ba su bar musu ba,
A 1665 suka karɓe makulli,
Cinikin mutane dai bai tsaya ba.
Batun hanci kuwa dillanci ne,
Mai talla ba za ta kushe haja ba.
Ta san masu karatu a birnin Landan
Ba za su yi wa hanci irin nawa kuka ba.

'Yar Damagaram:
A gafarce ni Malam, "ba" ta ishe ni haka. Da "ta" zan shigo, tunda mace zan yi wa magana.

Maza kun taru kuna awon hanci,
Imoinda fa, wa ya tuna da ita?
Tsohon sarki ya haura ɗari a duniya,
Ya aiko mayafi a lulluɓe kanta,
Mayafin nan ba na kwalliya ba ne,
Shaida ce cewa an mallake ta.
Tsuntsaye da furanni aka tsaga mata
Tun daga gida, a kan fatarta.
Na tuna kakata da zanen kumatu,
Ko ta yi shiru an san asalinta.
Turawa suka ce Clemene za a kira ta,
Zanen ya zauna, an kankare sunanta.
Ranar tawaye da tsohon ciki ta fita,
Kwari da baka na tare da ita,
Kibiya mai dafi ta sakar wa Byam,
Mataimakin gwamna ya san hannunta.
Sannan mijin ya kai ta cikin kurmi,
Da wuƙarsa ya yanke wuyanta,
Wai kada ɗansu ya faɗo cikin bauta,
Kada maƙiya su wulaƙanta ta.
Marubuciya ta ce da murmushi ta amince.
Ni na so in ji daga bakinta.

Malamin Adabi:
An karya ƙa'ida, amma ban ga wanda zai iya cin ki tara ba. Ƙanwata, ga ƙari: da Thomas Southerne ya mai da labarin wasan kwaikwayo a 1695, farar fata ya mai da Imoinda. Zanen da kika ce ya zauna, shi ma ya tafi ke nan.

Mai Gardama:
Ku dakata da hawaye, dattawa,
Yariman nan ba waliyyi ba.
Kyaftin ɗin da ya sa masa sasari
Ai ba baƙon ƙofarsa ba,
Sun daɗe suna cinikin bayi,
Nawa ya sayar? Ba a ƙirga ba.
A Suriname ya tarar da su a gona,
Suka zube ƙasa, ba su tsine ba!
Sau uku na karanta wannan shafin,
Har yau cikina bai yarda ba.
Ran Lahadi ya tara su ya yi huɗuba,
Turawa sun bugu, ba su farga ba.
Me ya ce? Wai an saye su kamar birai,
Ba a fagen fama aka ci su ba.
Wato da a yaƙi aka kamo su,
Bautar ba za ta dame shi ba.
Da gumu ta yi gumu aka watse,
Ban da bawa Tuscan, namiji bai tsaya ba,
Sai ya juya ya kira su karnuka,
Wai ba su cancanci 'yanci ba.
Sarauta littafin nan ke wa kuka,
Ba mai saran rake a rana ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ɗan'uwa, maganarka da ɗaci,
Na haɗiye, ban tofar ba.
Amma da Byam ya ci amana,
Takardar sulhu ba ta hana ba,
Aka ɗaure shi, bulala ta tsaga nama,
Ba su bar mikin ya huta ba,
Barkonon da suka goga a ciki
Bai tambayi jinin sarauta ba.

Malamin Adabi:
Ku dubi suna, nan ne gizo ke saƙa,
Trefry da ya saye shi bai bar masa nasa ba.
Kaisar ya raɗa masa ranar saye,
Rawani a ka, ƙafa ba a kwance ba.
Kaisar na Rum aminai suka soke,
Wannan ma abokai ba su cece shi ba.
Behn 'yar ga-ni-kashe-nin sarki ce,
Ba ta taɓa ɓoye haka ba.
A 1649 aka sare kan Sarki Charles na Ingila,
Masoyansa ba su manta ba,
Shekarar da littafin ya shiga kasuwa
Sarki James bai ƙare ta a mulki ba.
Ina zargin da tana kallon yarima,
Ba Kormantin kaɗai take gani ba.

'Yar Damagaram:
Na dawo layi Malam, ga "ba" ɗinka,
Mai ba da labarin ban ƙyale ta ba.
Ta ci abinci da shi, ta kira shi aboki,
Ran bulala ba a gan ta ba,
Ta bi kogi da mata don tsoro.
Ran kisa ma ba ta halarta ba,
Uwarta da 'yar'uwarta na wurin,
Su ma ba su iya hana ba.

Mai Gardama:
To mu je ga lofen, Yaya.
Banister, mutumin Byam, bai zo da wasa ba,
An ɗaure Kaisar, an hura wuta,
Lofe ya roƙa, ba ruwa ba.
Ana yankan kunne, ana yankan hanci,
Hancin Rum ɗin ma ba a bari ba,
Yana zuƙa yana busa hayaƙi,
Hannu ɗaya ya tafi, bai yi ƙara ba.
Da aka sare na biyu lofen ya faɗi,
Kai ya sunkuya, bai ɗago ba.
Aka rarraba gawar gona-gona,
Kanar Martin, mai wata gonar, bai karɓa ba.
A 1667 aka ba Holan Suriname,
Raken dai ba a daina sara ba.
Ita tabar da yarima ya zuƙa,
Ba daga sama ta faɗo ba,
Wanda ya tsinke ganyen ya shanya,
Na duba littafin, ban ga sunansa ba.