Paralympics: Gasar Nakasassu Ko Takwarar Olamfik?

1/ Duk lokacin da gasar nan ta zagayo, kowa da sunan da yake raɗa mata. Wani ya ce gasar nakasassu, wani gasar masu buƙata ta musamman, wani ma ya taƙaita ya ce gasar guragu. Jama'a, ku matso mu tsayar da magana ɗaya.

2/ "Gasar guragu" dai ta faɗi tun ba a je ko'ina ba, domin makafi na ciki, masu dungu na ciki. Amma ban ga laifin mai faɗin haka ba, daga nan abin ya samo asali. A 1948 likita Ludwig Guttmann ya haɗa tsofaffin sojoji 16 da yaƙi ya taɓa musu laka, suka yi harbin kibiya daga kan keke a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, a ranar da ake buɗe Olamfik ta Landan. Zuwa 1960 a birnin Rum, 'yan wasa sun kai 400 daga ƙasashe 23.

3/ "Gasar nakasassu" ita kuma ta yi faɗi da yawa. Kurumta kaɗai ba ta shigar da mutum wannan gasa. Kurame na da tasu tun 1924. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar ke sauka a kunne. Kafin a faɗi wanda ya zo na ɗaya, mai sauraro ya riga ya ce "Allah sarki".

4/ To ku dubi tseren makafi ku gaya mini inda "Allah sarki" ta dace. Ɗan tsere idonsa a rufe da ƙyalle, gajeriyar igiya a hannunsa haɗe da hannun ɗan jagora, sawunsu na sauka tare kamar mutum da inuwarsa. Idan ɗan jagoran ya ja shi, ko ya riga shi tsallake layi, an soke tseren nasu. Wannan horon shekaru ne, ba a samunsa da tausayi.

5/ "Masu buƙata ta musamman" akwai ladabi, sai dai numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshen kanun labari.

6/ Ga tawa shawarar. "Para" ɗin nan da ke farkon sunan Paralympics, a fassarar da masu gasar ke yi mata, Girkanci ce mai nufin "a gefe", wato kafaɗa da kafaɗa. Tun daga gasar 1988 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, birni ɗaya ke karɓar baƙuncin gasannin biyu, a filaye ɗaya. Hausa kuwa tana da kalmar a hannu: takwara. Idan aka ce shugaba ya gana da takwaransa, ba wanda zai ɗauka ƙaninsa ne ko yaronsa. Takwarar Olamfik. Kada wani ya ce mini "kishiyar Olamfik", ba kishi suke ba.

7/ Wani zai ce suna ai suna ne. Har zuwa 2018 Amurka na ba wanda ya ci zinare a Olamfik dala 37,500, takwaransa na wannan gasa kuma dala 7,500. A shekarar aka daidaita. Ostireliya sai 2021 ta bi sahu. Wanda ya saba kiran abu da sunan sadaka, da wuya ya ga aibun biyansa kuɗin sadaka.

8/ Na yarda akwai tangarɗa: wanda bai san gasar ba, "takwara" ba za ta gaya masa su wa ke fafatawa ba. Saboda haka a karon farko a rubuta "Faralamfik, takwarar Olamfik ta 'yan wasa masu nakasa", daga nan a ci gaba da Faralamfik kawai. Mutumin kuma a fara da sana'arsa: ɗan tsere makaho, 'yar ninkaya mai hannu ɗaya.

9/ Saura wasan nan na makafi da ake sa ƙararrawa cikin ƙwallo, 'yan kallo su yi tsit don 'yan wasa su ji motsinta. Ni "ƙwallon ƙararrawa" nake ce masa. Mai wanda ya fi wannan ya kawo.