"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare": ta yi daidai da maganar Yogi Berra kuwa?

Direban Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da uwargida, na ce bari in kawo ta gaban manya. Tasi nake tuƙawa a New York, kuma kusan kullum sai na bi ta gaban filin wasan Yankees, don haka tun ba na ƙaunar besbol, wasan nan nasu na bugun ƙwallo da sanda, har kunnena ya saba da masu sharhinsa a rediyon mota. Akwai wata magana da ba sa gajiya da ita in an bar wata ƙungiya a baya amma wasa bai tashi ba. Suna jingina ta ga wani tsohon ɗan wasa, Yogi Berra, kuma da Hausa abin da take cewa shi ne: ba ta ƙare ba sai ta ƙare. Rannan yarona, wanda yake buga wasan a makaranta, ya faɗa mini ita, ni kuma na ce masa ai mu ma muna da tamu, "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare". Nan take uwarsa ta ce na sa karin maganar a inda ba muhallinta ba. To, wa ya yi daidai?

Malam na Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam direba, ka yi haƙuri, uwargida ta fi ka gaskiya. Duba abin da ya ƙare a cikin karin maganar: miya ce. Tuwo yana nan cikin kwano, ba a tashi ba, ba a wanke hannu ba. Lokacin da miya take da yawa kowa gwani ne, har wanda ya zo don naman ciki kawai. Da ta ƙare sai ka ga hannuwa suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci gaba da kai gaya baki shi ne maci tuwon. Wato magana ce a kan wanda zai tsaya idan daɗi ya gushe. Ita kuwa ta Baturen nan a kan lokaci take, tana cewa kada a yanke hukunci kafin a kai ƙarshe.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, ni ban yarda duka ba. Ku saurari 'yan siyasa ranar da ake tattara sakamakon zaɓe. In an ce wa mutum abokin takararsa yana gaba, me yake cewa? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Masu sharhin ƙwallon ƙafa ma haka, in an ci ƙungiya biyu kafin hutun rabin lokaci. Duk suna nufin a jira ƙarshe. In mutane dubu suna faɗar magana da wata ma'ana, ai ta zama tata, ko da ba da ita aka haife ta ba.

Malam na Zariya:
Ƙanena, na ji, kuma ni ma nakan ji ana yin hakan. Amma yawan masu bin hanya ba ya hana a ce ta karkace. Malam direba, ba mu labarin yadda mutumin ya yi maganar, sai mu auna.

Direban Bronx:
To. Berra ya buga wa Yankees wasa shekaru da yawa, ya ci kofin ƙarshen shekara, wanda suke kira World Series, har sau 10 yana ɗan wasa, ya rasu a 2015 yana da shekara 90. Maganar ana danganta ta da 1973, lokacin yana kocin Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York. A ƙarshen watan Agusta su ne na ƙarshe a rukuninsu, kowa ya cire rai. Sai suka farfaɗo a Satumba, suka ɗauki rukunin da nasara 82 da rashin nasara 79, suka doke Cincinnati, suka je World Series, a can Oakland ta cinye su a wasa na bakwai.

Abin da ya sa maganar ta zauna daram a besbol shi ne ba alƙalin da zai duba agogo ya hura usur. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye sai ka fitar da masu bugu uku na abokan hamayya kafin su bar maka sanda. Jimla 27 ke nan. Ko da ka fi su da maki goma, ba damar ka riƙe ƙwallo ka ci lokaci irin na ƙwallon ƙafa, dole ka jefa wa mutumin nan na 27 ya buga. Marubutan wasan sun cika littattafai da wannan zance na rashin agogo.

Baban Zainab:
Malam direba, a wane gurbi Berra yake bugawa?

Direban Bronx:
Mai cafke ƙwallo ne, wanda yake tsugunne a bayan mai bugu daga farkon wasa har ƙarshe.

Baban Zainab:
To ai shi ke nan, an gama. Fassararsa ita ce "tsugune ba ta ƙare ba". Mutum ya yi shekara goma sha yana tsugunne, wa ya fi shi sanin haka?

Anti Malama:
Baban Zainab, Allah ya shirye ka, ka sa na yi dariya a ɗakin malamai. Amma ku tsaya, ina ganin a cikin besbol ɗin akwai inda karin maganar tuwo ta zauna fiye da wurin Berra. Akwai littafin Michael Lewis mai suna Moneyball, wanda ya fito a 2003. Ni ban taɓa kallon wasan ba, a kwas na harkar kasuwanci aka sa mu karanta shi. Labarin Oakland ne a 2002. Manyan 'yan wasanta uku sun tafi inda ake biya da tsoka, cikinsu har da Jason Giambi da Yankees ta ɗauke. Albashin 'yan wasan Oakland gaba ɗaya wajen dala miliyan 40 ne, na Yankees ya haura miliyan 120. Wannan ita ce miya ta ƙare, ko ba haka ba, Malam?

Manajansu, Billy Beane, sai ya daina sayen 'yan wasa don kyan jiki ko suna. Ya koma ga lissafi, yana neman wanda ya fi yawan isa masaukin farko (zangon farko da mai bugu yake takawa a hanyar cin maki) ko ta wace hanya, ko da ta haƙuri ce, wato ya ƙi kai sanda har mai jifa ya kauce sau huɗu a ba shi hanya kyauta. Masu farautar 'yan wasa na da ba sa daraja wannan, shi ya sa irin mutanen suke da araha. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Tushen lissafin kuwa daga wani Bill James ne, wanda ya fara buga littafinsa na ƙididdigar besbol da kansa a 1977, lokacin yana gadin dare a wata masana'antar wake na gwangwani a Kansas. Mai gadi fa! A ƙarshen shekara Oakland ta ci wasa 103, daidai da Yankees.

Malam na Zariya:
Madalla, Malama. Wannan shi ne muhallinta. An ɗauke miya, an ga mai ci.

Mai Ja-in-ja:
Anti, ranki ya daɗe, littafin ya yi daɗin karatu, amma marubucin ya rufe tukunya da wuri. Masu sharhi da yawa sun kama shi a kan wannan. A shekarar nan Oakland tana da masu jifa uku da kowace ƙungiya take kwaɗayi: Tim Hudson, Mark Mulder da Barry Zito. Zito ya ci wasa 23, aka ba shi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. Miguel Tejada kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa a gasarsu. Waɗannan duk ƙungiyar ce ta raine su tun suna yara, shi ya sa albashinsu bai kai darajarsu ba, kuma littafin bai ba su filin da ya ba masu araha ba. Saboda haka miya ba ta ƙare ba, an dai kwashe ta sama, nama yana kwance a gindin tukunya. Sannan da aka shiga wasannin fitar da gwani, Minnesota ta sallame su a zagayen farko, uku da biyu.

Anti Malama:
Na amince da batun masu jifan, an yi musu ƙwauron yabo. Amma faɗuwarsu a hannun Minnesota ba ta taɓa karin maganar ba. Ba ta ce maci tuwo shi zai zama sarki ba, cewa ta yi za a san shi. An kuwa san su, tunda ga mu nan muna zancensu bayan shekara ashirin da wani abu.

Direban Bronx:
Akwai dare ɗaya da maganganun biyu suka haɗu, yarona ya nuna mini a waya. Ranar 4 ga Satumba 2002, Oakland ta ci wasa 19 a jere, tana neman na 20 a kan Kansas City. Suka yi gaba da 11 da nema, 'yan kallo har sun fara biki. Kansas City ta rama ɗaya bayan ɗaya har aka koma 11 da 11. Nan maganar Berra ce. A zagaye na tara aka tura Scott Hatteberg, ya buga ƙwallon ta tsallake katanga, aka tashi 12 da 11. Shi kuwa tsohon mai cafke ƙwallo ne na Boston da ciwon jijiya a gwiwar hannu ya hana shi jifa sosai, Oakland ta same shi da araha ta mayar da shi mai tsaron masaukin farko. Nan kuma ta tuwo ce.

Ɗan Maraɗi:
To in ba ta tuwo ba, wacce za mu ba Berra? "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu"?

Malam na Zariya:
A'a. Wannan kashedi ne ga mai saurin yabo, kuma tana da kaifin da ba zan so a koya wa yaro ba. Ta Berra ƙarfafa gwiwa ce ga wanda yake baya. Af, wani abu kuma: shi kansa ya ce ba duk abin da ake cewa ya faɗa ne ya faɗa ba, har ya sa hakan a bangon littafinsa na 1998. Mu mun huta da wannan rigima, don namu masu maganar ba su da suna. "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya." Wa zai je ya tambayi ɓarawon ko ya faɗa?

Inna ta Katsina:
'Ya'yan nan kun sha wahala a banza. Ai "da sauran rina a kaba" ake cewa. Mai yankan kaba ya kori rina ya ɗauka ya gama, ya miƙa hannu, ashe akwai saura. Wanda ya yi 11 da nema ya fara murna, shi ne mai yankan kabar.

Ɗan Maraɗi:
Inna, wannan ma ai ga wanda yake gaba take magana, ba na baya ba.

Inna ta Katsina:
Na bayan shi ne rinar, ɗana.

Direban Bronx:
Inna, na gode, ta zauna. Zan je in ba uwargida haƙuri kafin tuwon dare. Saura aiki ɗaya: yaron nan a Bronx aka haife shi, bai taɓa ganin kaba ba, balle rina ta harbe shi. Wa yake da hoto ya turo mini?