Neman shawara: All Blacks ko Springboks, wa zan bi kafin a kore ni daga ofis?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kallon zari-ruga a cikinmu ku fito ku cece ni. Wata na huɗu kenan da fara aiki a Johannesburg, ni kuwa iya sanina bal ne kawai, Arsenal da ciwon ranta. To ranar Juma'a ana hira a ofis wani ya tambaye ni wace ƙasa ta fi iya ragbi, ni kuma da karambani na ce ai All Blacks na New Zealand ne, saboda na taɓa ganin wannan rawar da ake kira "haka" da suke yi a YouTube suna zare ido suna dukan cinya. Wallahi ofis ɗin tsit ya yi kamar an yi mutuwa, har mai kawo mana shayi sai da ta harare ni. Yanzu ogana ya gayyace ni gidansa kallon wasansu na gaba da Springboks, wato ƙungiyar Afirka ta Kudu, kuma ba na son in sake kwafsawa. Tsakani da Allah wace ƙasa ce ta fi, kuma waye gwanin gwanaye a wasan nan? Yarona ma ya dame ni sai na saya masa riga ban san wacce zan saya ba.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Kai malam ai ka taka sawun ɓarawo, kamar ka shiga gidan kallon 'yan Madrid ne ka ce Messi ya fi. Amsar mai sauƙi ce, a ƙirga kofin duniya. Afirka ta Kudu huɗu, 1995, 2007, 2019, 2023. New Zealand uku, 1987, 2011, 2015. Ostireliya biyu, Ingila ɗaya tal a 2003. Kuma ka sani kofi biyu na farko babu Afirka ta Kudu a ciki saboda takunkumin wariyar launin fata, wato sun makara zuwa biki amma su suka fi kowa cin tuwon. Sau biyu suka haɗu da All Blacks a fainal sau biyu suka doke su. Sayi koriyar rigar Springboks kawai.

Malamin motsa jiki:
A'a Ɗan Zariya a yi adalci. Kofin duniya sati bakwai ne duk bayan shekara huɗu, sauran kwanakin fa? Idan ka ɗauki tarihi gaba ɗaya sama da shekara ɗari All Blacks sun ci fiye da kashi uku cikin huɗu na wasanninsu, ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da ɗoriya, ko jihar Kano ba ta kai ba. Ƙungiyarsu ta 2011 zuwa 2015 ni dai ban ga kamarta ba, su suka fara ɗaukar kofi sau biyu a jere, suka ci wasa 18 ba tsayawa har sai da Ailan ta tare su a Chicago a 2016. Shi mai tambaya bai yi ƙarya ba, wurin da ya faɗa ne ba daidai ba.

Batun gwani kuwa ni Richie McCaw nake ba. Wasa 148 ya buga wa ƙasarsa, kyaftin a kofin 2011 da 2015, gwarzon duniya sau uku, kuma na 2011 ɗin da karyayyen ƙashi a ƙafa ya ƙarasa gasar. Matsalarsa ɗaya, sabon mai kallo ba zai gane me yake yi ba, aikinsa a ƙarƙashin tarin ƙarti yake yana ƙwace ƙwallo, sai ka shekara kana kallo kafin idonka ya fara ganinsa.

Baban 'yan biyu:
Malam da girmanka amma McCaw ɗin nan rabin rayuwarsa a ofsaid ya yi ta, alƙalai ne kawai suke jin kunyarsa lol. Jonah Lomu na All Blacks fa? Mutum kusan mita biyu, kilo wajen 120, amma yana gudu kamar barewa. Ka nemo samifainal ɗin 1995 da Ingila a Cape Town, sau huɗu ya dangwala ƙwallo bayan layi, na farkon ma ta kan Mike Catt ya bi kamar tirela ta taka kwali, yana da shekara 20 lokacin. Sau 15 ya dangwala a kofin duniya, Bryan Habana ne ya zo ya kamo shi daga baya. Duk wannan da ciwon ƙoda a jikinsa wanda ya yi ta fama da shi har ya rasu a 2015 yana da shekara 40. Mutanen da ba su san ragbi ba ma sun san Lomu.

Ɗan Zariya:
Lomu bai taɓa ɗaukar kofin duniya ba, kuma duk haɗuwarsa da Springboks bai taɓa dangwala musu ko sau ɗaya ba. Mai tambaya riƙe wannan, ka faɗa a gidan oga za ka ga an ƙaro maka nama.

Hajiya daga Landan:
Ku maza da musu. Ƙanina ba lissafin kofi ogan naka yake so ya ji ba. Wasan nan a can ba wasa ba ne kawai, a da baƙar fata sun tsani koriyar rigar nan don ta turawan mulkin wariya ce, har goyon bayan duk wanda ya zo karawa da su suke yi, shi ya sa har yau za ka samu masu son All Blacks a Cape Town. Sai a fainal ɗin 1995 a Ellis Park, nan garin da kake, Mandela ya fito sanye da rigar mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar ya miƙa masa kofi. Shekara 24 bayan nan Siya Kolisi, yaron da ya tashi a unguwar talakawa ta Zwide hannun kakarsa, ya zama baƙar fata na farko da ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin, a Japan, suka lallasa mana Ingila 32 da 12. Ka san wannan kafin ka je, ka ambaci Kolisi da girmamawa, shi kenan. Yaro kuma ka saya masa lamba 6.

Ni kam Ingila nake yi ba don komai ba sai Maro Itoje, iyayensa 'yan Najeriya ne, a 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila kuma shi ya jagoranci Lions, haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ailan, suka je Ostireliya suka ci biyu cikin uku.

Ɗan Maraɗi:
Duk kun manta da Faransa kamar ba ta wasa. Antoine Dupont a yanzu babu kamarsa, ƙafa dama da hagu duk ɗaya, ya koma ragbin 'yan bakwai-bakwai ya ci zinare a Olamfik ɗin Paris 2024 a kan Fiji. Fainal uku muka je ba mu samu ba, ta 2011 ma 8 da 7 aka tashi, a gasar 2023 kuwa a gidanmu Springboks suka cire mu tun a kwata fainal 29 da 28 har yau ban huce ba.

Malamin motsa jiki:
To ka ji abin da nake cewa. A 2023 maki ɗaya-ɗaya suka tsira sau uku, Faransa 29-28, Ingila 16-15, fainal 12-11, kuma a fainal ɗin an ba kyaftin ɗin All Blacks Sam Cane jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, da mutum 14 suka ƙarasa, Springboks ko dangwala ɗaya ba su yi ba duk bugun Pollard ne. Amma fa zan yarda da abu guda, cin wasa uku a jere da maki ɗaya ba sa'a ba ce kawai, Pieter-Steph du Toit shi kaɗai sau 28 ya kayar da mutum a daren nan. Kuma ban ma kawo Dan Carter na All Blacks ba mai maki 1,598, wanda babu wanda ya kai shi a wasannin ƙasa da ƙasa.

Shawarata ta gaske ka fara koyon doka kafin ranar. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 80, ba a jefa ƙwallo gaba da hannu sai baya, dangwalawa maki 5, bugun da ke biyo ta 2, fanareti 3. Idan ka ga ƙarti takwas-takwas sun sunkuya sun haɗa kai suna turereniya kar ka yi dariya, nan ne 'yan Afirka ta Kudu suke ji da kansu.

Baban 'yan biyu:
Kuma ko da wasa kar ka ce Japan. 2015, Brighton, Japan ta doke Springboks 34 da 32. Ka ambata za ka dawo Kano a ƙafa.

Mai tambaya:
Hahaha na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na kalli na Lomu yanzun nan har sau uku, wallahi Mike Catt ya ban tausayi. Hajiya na ɗauki taki, gobe zan shiga kanti in nemo wa yaro koriya mai lamba 6, ni kuma zan sa farar shaddata in zauna kusa da nama in yi shiru. Malam wannan turereniyar fa, in ta rushe wa ake ba laifi? Na kalli guda biyar ban gane ko ɗaya ba.