Me ya rusa mulkin Gruffudd ap Llywelyn?

Ɗalibi, Gusau: Malamai, shi kaɗai ne sarki ɗan ƙasa da ya taɓa mulkin dukkan ƙasar Wales. Me ya kayar da shi?

Malamin tarihi, Argungu: Ɗana, da takobi ya haɗa ƙasar. Ya hau gadon sarautar Gwynedd da Powys, masarautun arewa da tsakiyar Wales, a 1039, kudu kuwa sai 1055, bayan kashe sarkinta. Mubaya'ar tsoro ce. A 1055 ɗin ya ƙona garin Hereford na ƙasar Ingila, ya tsokano Ingila.

Malama, Kaura Namoda: Ranka ya daɗe, a ƙara da dabarar Harold, babban basaraken Ingila. Cikin hunturu ya afka wa Rhuddlan, fadar Gruffudd, ya ƙone jiragen ruwansa. A 1063 ya biyo ta teku, ɗan'uwansa Tostig ta tudu. Mutanen Gruffudd da kansu suka sare kansa, aka kai wa Harold.