Yaro na gyara ƙafa a atisaye, ranar gasa yana komawa kuskurensa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu horar da yara ninƙaya a Accra, ana neman shawararku.

Yaro ne ɗan shekara 11 daga Nima, yana ninƙayar salon kwaɗo, mita 50. A dokar World Aquatics, hukumar ninƙaya ta duniya, dole ƙafafu biyu su motsa tare, tafin ƙafa ya juya waje lokacin turawa, kuma a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda. Shi kuwa da zarar ya wuce mita 35 ya fara gajiya, sai ƙugunsa ya karkace, ƙafar hagu ta shige ciki kamar almakashi, alƙali ya soke sakamakonsa.

A atisaye an rage gudu, an ba shi allon riƙewa yana bugun ƙafa zalla, mita 25 sau takwas da hutun daƙiƙa 20, an kuma sa shi yi a rigingine. Ƙafar tana daidaita sarai. Ranar gasa a cibiyar wasanni ta Borteyman komai sai ya wargaje, domin mahaifinsa na tsaye a wurin 'yan kallo yana ihun ya ƙara sauri, ga alkawarin kuɗi idan ya ci lamba. Mahaifin nasa bai gaza ba wajen kuɗin mota da abinci, amma gyaran salo aikin koci ne.

Shin a janye yaron daga wannan salo na wata biyu, ko a bar shi ya shiga da sharaɗin ba a duba lokaci? Kuma ta yaya kuke sanya wa iyaye iyaka ba tare da sun cire ɗansu daga kulob ba?