A fara zaro harshen ɗan wasan da ya suma, ko a bar bakin a duba numfashi?

Koci Bala: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wasan sada zumunta wani yaronmu ya yi karo da gola, ya faɗi ba ya motsi. Kafin ka ce kwabo an rufu a kansa, wani na ɓare masa baki, wani ya ruga wurin mai shayi neman cokali. Ya farfaɗo alhamdulillahi, sai dai leɓensa ya tsage. Wai mun yi ganganci, in ji Hajiya Nas. Ni dai ina kan abin da muka tarar: in ɗan wasa ya suma, a fara zaro harshe kada ya haɗiye shi.

Auwalu Gola: Baba Koci, ina bayanka. Francis Koné ɗan Togo a shekarar 2017, a gasar ƙasar Czech, da yatsa ya zaro harshen golan abokan hamayya bayan karo irin wannan. FIFA ta ba shi lambar yabo a kan haka. Ko FIFA ma ba ta sani ba ne?

Hajiya Nas: Wa alaikumus salam. Auwalu ƙanina, FIFA ta yaba wa zuciyarsa, kuma ya cancanta. Amma harshe ba ya haɗiyuwa. A ɗaure yake da muƙamuƙi ta ƙasa, ɗaga naka ka duba a madubi. Abin da ke faruwa shi ne, in mutum ya suma yana kwance rigingine, harshen kan saki ya zame baya ya tare hanyar iska. Maganinsa ba ya buƙatar yatsa a baki. Ka ɗora tafin hannu a goshinsa, ka ɗaga haɓarsa sama da yatsu biyu, harshen zai biyo muƙamuƙin ya matsa da kansa. Cokali kuwa haƙori yake karyawa, guntun haƙorin da jinin su koma maƙogwaro, ka ƙara wa Borno dawaki.

Koci Bala: To ai manufa ɗaya ce, Hajiya. Iska dai ta wuce.

Hajiya Nas: Da a nan ta tsaya, Baba Koci, da ban yi dogon surutu ba. Faɗuwa iri biyu ce. Akwai wanda aka buge a kai, zuciyarsa na aiki. Akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi shi kaɗai, babu wanda ya taɓa shi. Wannan na biyun, ka ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Yakan ɗan yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, yana jan numfashi ɗaiɗai mai kama da kakari, sai mutane su ce ai harshe ne ya shaƙe shi. Kowane minti da aka ɓata ana kokawa da bakinsa, ƙwaƙwalwarsa ba ta samun jini.

Malam Isa Rafali: Wannan ta tuna mini da Samuel Okwaraji. 12 ga Agusta 1989, filin wasa na ƙasa da ke Surulere, muna karawa da Angola, ya yanke jiki ya faɗi. Babu wanda ya taɓa shi. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru a Lyon a 2003, a tsakiyar fili ya zube.

Auwalu Gola: Amma Malam, shi Christian Eriksen na Denmark da ya faɗi a fili fa? Ai cewa aka yi kyaftin ɗinsu Simon Kjær ne ya cece shi.

Malam Isa Rafali: Kjær ya yi namijin ƙoƙari, shi ya fara isa. Amma na kalli wasan nan na Denmark da Finland, Yunin 2021. Abin da ya dawo da Eriksen danna ƙirji ne da aka fara nan take, da na'urar nan mai ba zuciya shokin. Sau ɗaya aka buga masa. Ga shi ya koma taka leda a Brentford a 2022. Fabrice Muamba na Bolton ma a 2012, minti 78 zuciyarsa ba ta bugawa da kanta, ana ta dannawa daga fili har asibiti, ya rayu.

Koci Bala: Can Turai kenan. Mu filinmu na makarantar firamare ne, akwatin taimakon gaggawarmu Robb ne da bandeji da ruwan leda. Ku faɗa mini abin da zan yi da hannuna.

Hajiya Nas: Yauwa, yanzu ka zo inda nake so. Ka dafa kafaɗarsa ka kira sunansa da ƙarfi. Bai amsa ba, ka ɗaga haɓa ka kalli ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai, a kwantar da shi ta gefe. In babu, ko kakarin nan kawai yake yi, ka nuna mutum ɗaya da sunansa ya kira lambar gaggawa 112 ya kuma nemo mota, don in ka ce "wani ya kira" kowa zai tsaya kallo. Kai kuma ka durƙusa, tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Ka danna ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Aiki ne mai gajiyarwa, ku riƙa canji duk minti biyu. Ko haƙarƙari ya yi ƙara kada ka tsaya, shi yana warkewa.

Alhaji Patron: Hajiya, gyara kintsi. Wanda ya yi karo kuma fa? Na ga ana ɗaukarsu kamar buhun masara, wani a hannu wani a ƙafa, kai na reto.

Hajiya Nas: Ranka ya daɗe, wannan kan iya kwantar da yaro har ƙarshen rayuwarsa in wuya ya taɓu. A riƙe kan yadda yake, kada a tanƙwara shi baya, a tura muƙamuƙin gaba kawai. Kuma ko ya miƙe ya ce garau yake, ya gama wasa ranar nan.

Auwalu Gola: Wasan ƙarshe na kofi ma? Yaron da kansa zai yi faɗa da koci.

Malam Isa Rafali: Ya yi ta faɗan a benci. In ni ke riƙe da usur ba zai dawo ba.

Koci Bala: Danna ƙirji na karɓa. Amma wanda haƙoransa suka datse yana kumfa, ku ce in naɗe hannu ina kallo? Wannan har yanzu bai kwanta mini ba.

Hajiya Nas: Ba naɗe hannu ba ne. Ka kori taro, ka sa riga ƙarƙashin kansa, ka duba agogo. Fizgar na lafawa ka koma kan numfashi. Kuma kada a ɗura masa ruwa.

Alhaji Patron: To a yi ta a aikace. Ƙungiyar Red Cross na koyar da wannan, zan tuntuɓi reshen jiha. Kowane kulob ya turo koci da kyaftin. Malam Isa, ka binciko mana kuɗin na'urar shokin nan, mu ga ko kulob goma za su iya haɗa ɗaya.

Auwalu Gola: In an saya, Alhaji, a filin wa za a ajiye ta ranar da wasa uku suka haɗu?