Mama za ta cika shekara, mun kasa daidaitawa a kan yadda za mu tuna da ita

Autar Mama:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Nan da wata biyu Mama za ta cika shekara ɗaya da komawa wurin Ubangiji. Ta rasu tana da shekara 74, ta bar mu mu biyar, ni ce auta.

A Wusasa aka haife ta, kuma tela ce. Ita ce macen da na fara gani a kan babur, ta ɗaure ɗankwali tamau, Littafi Mai Tsarki a cikin kwando a baya, tana zaga ƙauyukan Giwa tana koya wa mata karatu da ɗinki. Ta taɓa hawa motar kaya har Maraɗi don ta gaida matan ikilisiyar can, alhali ba ta san kowa a garin ba. Da ta je Urushalima tana da shekara 66, abokan tafiyarta sun ce ita ce ta fara shiga Kogin Urdun.

Da muka buɗe akwatinta, a ƙarƙashin zannuwa na sami littattafan rubutu uku cike da waƙoƙin da ta tsara wa Zumuntar Mata. A gefen wani shafi ga awon wata mai ɗinki, ƙugu 34, tsawo 40, a ƙasansa kuma baitin yabo. Nan na zauna na yi ta kuka.

Babban Yayanmu yana so a yi anko, a kafa rumfuna, a yanka saniya, a buga kalanda da hotonta. Ni kuwa so nake a sa kuɗin a buga waƙoƙin nan. Ya ce in ba a yi buki ba za a ce mun yi wa Mama rowa. Ga kuma Gwaggo, ƙanwarta, Musulma ce, ita ta yi jinyarta har ranar ƙarshe, ba na son a yi taron da za ta zama baƙuwa a cikinsa. Yaya zan yi?

Maman Tagwaye, Kafanchan:
Sannu da rashi ɗiyata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Kafin ku gama gardamar buki, akwai abin da ba ya jira. Kalmomin waƙa suna takarda, amma muryar tana kan tsofaffin da suka rera tare da ita. Ki je ranar da suke koyon waƙa, ki roƙi shugabar zumunta su fito da tulu da kacau-kacau, ki ɗauki kowace waƙa a waya, wata ta faɗi farkon baitin kafin a soma don kada su cakuɗe miki. Yau ɗin nan kuma ki ɗauki hoton kowane shafi, ki tura wa yayyenki. Littafin uwar zumuntarmu gara ce ta cinye shi a daminar da ta rasu. Waƙa biyu kaɗai muka tsira da su, har yau abin yana yi mini ciwo.

Dattijo daga Kagoro:
Ɗiyata, kada ki ja da Yayanki a gaban ƙanne. Shi ma kukan yake yi, da saniya yake yin nasa. Ki bi ta hannun Kawunku ko fastonku.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni 9:36-42. Da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tana da rai. To, mahaifiyarku tela ce. Maimakon sabon anko, a sanar a sujada tun yanzu cewa duk wanda yake da rigar da ta ɗinka masa ya sa ta ranar addu'ar godiya. Wadda ta yi masa kaɗan ya riƙo ta a hannu. Kuɗin anko da na kalanda sai su tafi wurin mai buga littafi.

Yayar Marayu:
Na yarda da Baba a kan anko, amma kada a taɓa abinci. Matan ƙauyukan nan da ta koya wa karatu za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, wasu da goyo. Ba za ku sallame su da yunwa ba. In saniya ta yi nauyi, awaki biyu da tukunyar shinkafa da kunun zaƙi sun wadatar. A nan Yayanki yana da gaskiya, ki faɗa masa hakan da bakinki, zai fi saurin sakko miki a kan littafin.

Maƙwabcinku daga Tudun Wada:
Ni Musulmi ne, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ki aika wa Gwaggo kati. Ki taka da ƙafarki ki gaishe ta, ki ce zaman gida bayan an taso daga coci ba zai yiwu ba sai da ita. A ba mahauci Musulmi yankan, don ta ci hankalinta kwance. Ki kuma tafi da wayarki, domin labarin ƙuruciyar Mama babu wanda ya san shi kamarta.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka muku. Na kira shugabar zumunta ɗazu. Ina karanta mata layin farko na waƙar da ke shafin awon nan, sai ta karɓe ta rera har ƙarshe a waya, muryarta tana rawa. Ta ce in zo ranar Alhamis, za ta tara tsofaffin. Asabar kuma zan je wurin Gwaggo, daga can in wuce gidan Kawu. Baba, in da hali ka taimaka mini da yadda zan buɗe wa Kawu maganar, don bai taɓa jin ta daga bakina ba.